Maririn da Baba bai gani ba

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, mahaifina kuwa ya riga ni. Ya rasu a garinmu, can Damargu a ƙasar Nijar, wata Talata da hantsi. Lokacin da ƙanwata ta same ni a waya ina kan hanyar Makka da lodin kujeru a bayan mota, har an yi masa wanka. Kafin in sauke kayan an rufe shi. Abin da ya rage mini a Jidda shi ne in zauna mutane su zo su ba ni hannu.

Yayan matata ne ya shirya zaman makoki a ƙofar gidansa da ke Madain Fahd, irin na mutanen nan: kujeru layi biyu, gahawa da dabino, daga magariba zuwa isha, kwana uku. Shi haifaffen Jidda ne, kakanninsa da ƙafa suka zo hajji ba su koma ba, don haka ya san yadda ake komai, ko kuma haka yake gani. Ya ce in zauna a kujerar farko in yi shiru. Na zauna.

Haifaffun nan suka riƙa zuwa cikin fararen riguna masu guga. Kowa ya dafa kafaɗata ya ce, "Azzamallahu ajrak," ya sha gahawa kofi ɗaya, ya girgiza kofin, ya tafi. 'Yan ƙasarmu masu shimfiɗa kaya a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa, su ba sa saurin tashi. Za su ce ya haƙuri, su yi addu'a, sannan su gyara zama su cinye dabinon suna hirar iƙamar wane, takardar zaman ƙasa, da ta mutu. Kowannensu sai da ya ce mini, "Allah sarki, tsoho mai sanyi, ba ruwansa." Ba ruwansa! Wata biyu da rabi ya yi a garin nan, sun gan shi sau uku a masallaci yana murmushi don ba ya jin abin da ake faɗa. Ni da na tashi a hannunsa na san da ruwansa. Amma makoki ba wurin gardama ba ne, na ƙyale su.

A rana ta biyu wani mutumin garinmu ya zo. Umara ta kawo shi, satinsa ɗaya da barin gida. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi ma za su ji.

"Jama'a, wannan ne ɗan da ya kai tsoho ya ga mariri! Kwana biyu yana tuƙi da shi zuwa arewa. Bakwai suka gani, har da ɗan ƙarami yana bin uwarsa. Da kunnena na ji daga bakin marigayi a ƙofar gidansa. Wallahi duk gari an sa maka albarka."

Aka hau masha Allah. Yayan matata ya ce ai da motarsa aka je. Wani dattijo da ban sani ba ya share ido ya ce ina ma nasa 'ya'yan. Ni kuwa na ajiye kofin gahawa. Ranar na fara jin wannan labari, kuma na san Baba bai ga mariri ko ɗaya yana tafiya ba. Ni na hana shi.

Washegari da safe matata ta dire mini ful da tamis, waken safe da gurasar mutanen nan, ta tsaya a kaina. Ta ji komai daga ɓangaren mata.

"Ya sheikh, an ce jiya ka sha albarka."

"Ni na roƙe su?"

"Ba ka roƙa ba, bas, amma ba ka mayar ba. Hutun kwana shida ka ɗauka, ka dawo a na huɗu kamar an mare ka. Baba ya shige ɗaki bai taɓa abinci ba. Ni ba yarinya ba ce."

"To me kike so in yi? In miƙe a tsakiyar makoki in ce ubana maƙaryaci ne?"

"La, a'a. Ka ce kai ne."

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, sauran karatuna a allon hanya na tsince shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Mahaifina maharbi ne. Ba irin masu ganga da kirari a kasuwa ba. Daga shi sai ƙanensa, Baffa, da baka da kwari, daga baya da bindigar toka. Yaran yanzu ba su san mariri ba, to ga shi: naman daji ne na hamada, fari, ya fi barewa girma nesa ba kusa ba, ƙahonsa dogo siriri kamar mashi. Da can garke-garke ne a arewa da mu. Fari ya ci wasu, masu harbi daga kan mota suka ci wasu, irin su Baba suka ƙarasa sauran. Kafin in yi wayo ya ƙare.

An san maharba da ƙari. Wanda ya kashe zomo, kafin ya iso gari ya zama gada. Baba ba ya ƙarawa, kuma wannan ba abin daɗi ba ne a zauna da shi. In wutsiya ya gani, zai ce na ga wutsiya. Wata shekara gari ya ɗauka kura tana shigowa, kowa ya gan ta, wani har ya ce ta yi masa dariya a bayan rumbu. Aka zo wurin Baba don ya tabbatar. Ya je ya duba ya dawo ya ce, "Sawun kare na gani, babba." Mutane suka yi sati suna jin haushinsa, ya ɓata musu hira. Haka yake da mu ma a gida. Bai taɓa ce wa tuwon Inna ya yi daɗi ba sai in ya yi, ita kuwa in ya faɗa sai ta wuni tana murna kamar an ba ta zane.

Ina ɗan shekara goma sha biyu ya fita da ni daji karon farko, kuma na ƙarshe. Rabin yini muna bin barewa, wani wurin da rarrafe. Mun kusa, har ina ganin kunnenta yana motsi, sai na taka busasshen kara. Ta tashi. Bai doke ni ba, da ya doke ni da ya fi. Ƙafafuna ya duba ya ce, "Ƙafar kasuwa gare ka. Koma gida." Na koma ni kaɗai. Daga nan na bar lakwal, na faɗa tasha, daga yaron mota na zama direba, daga direba na tsinci kaina a Jidda. Shekara ashirin da shida a nan, sau uku na je gida. Ni ne ɗan fari, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Da ina yaro "kai" ne. Da na girma na zama Direba.

Bayan rasuwar Inna ƙanwata ta matsa mini, na yi masa bizar ziyara ya zo. Sati na farko umara, na biyu Madina, daga nan ya rasa abin yi a ɗakunanmu biyu a hawa na uku a Sharafiyya. Na kai shi bakin teku ya ga ruwan nan da ake harbawa sama, wanda kowane baƙo yake ɗaukar hoto. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Wa ke sha?" Sai ya tsuguna yana bin sawun ƙaguwa a yashi. Na kai shi Balad ya ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako, shi kuwa yana nuna mini inda kyanwa ta kama tattabara. A masallaci in an idar sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon takalman mutane. "Mai wannan yana ɗingishi da dama. Mai wancan aro ya yi, ba ƙafarsa ba ce." In masu su suka fito, haka ne. Ni kunya nake ji, in ce Baba tashi mu tafi, za a ce ɓarayin takalma ne.

Wata rana da la'asar na dawo aiki ya ce, "Direba, matarka tana ɓoye maka ciwo."

Na ce lafiyarta ƙalau.

"Ƙafarta ta hagu ba ta son ƙasa. Yau kwana tara ina jin ta a matakala."

Shekara goma sha tara ina tare da matar nan. Tana da ciwon suga, ashe miki ne ya fito mata a ƙarƙashin yatsa ta naɗe shi da tsumma don kada a ce ta kwanta ga baƙo a gida. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da yatsan ya tafi. Tun daga ranar ba ta da magana sai Baba. Shi kuma 'yar Makka yake ce mata, yana zama a ƙofar madafa yana ɓare mata tafarnuwa yana tsokanar Hausarta. Ta ce, "Baba, khalas, ya isa." Ya ce, "Wannan halas ɗin naki daga maƙogwaro yake fitowa kamar za ki yi kaki." Ta yi ta dariya. Ni tunda nake bai taɓa tsokanata haka ba. Ba kishi nake ba, faɗa nake yadda aka yi.

Maganar mariri a shagon aski ta taso. Ni da yayan matata muka raka shi. An shafa masa kumfa an aske rabin kai, sai ya miƙe tsaye, wanzamin ya ja baya da aska a hannu. Kalanda ce a bango, da hoton wani farin nama a kan yashi.

"Wannan a ina yake?"

Yayan matata ya ce, "Haza maha, ya ammi, maririn nan ƙasar. An sake su a shimal, arewa can, wajen Tabuka."

Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar. "Namu ƙahonsa ya lanƙwasa baya, wannan a miƙe yake. Amma fuskar ita ce." Ya juyo. "Da rai?"

"Da rai, ya ammi."

Muka koma gida muka ci abinci. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Goma sha ɗaya na kashe. Duk wanda na tuna, a kwance nake tuna shi. Ina so in ga ɗaya a tsaye yana tafiyarsa, ni kuma ba komai a hannuna."

Tunda aka haife ni wannan ne abu na farko da ya roƙe ni. Na je wurin kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, mutumin ba shi da matsala, ya ba ni kwana shida. Yayan matata ya ba da tsohuwar jif ɗinsa tare da wa'azin rabin awa a kan ruwan inji, ya kuma ara wa Baba farwa, wata babbar riga mai gashin tunkiya a ciki, don lokacin sanyi ne kuma sanyin arewa ba na Jidda ba ne. Baba ya shige cikinta sai kai kaɗai ake gani.

Muka bi bakin teku zuwa Yanbu, muka yanki tudu. Kwana biyun nan, in faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi da na yi da shi. Yana zaune a gaba yana karanta mini ƙasa kamar jarida. Nan an yi ruwa wata guda da ya wuce. Nan akuyoyi sun fi ƙarfin ciyawa. Muka tsaya a Ula, garin da ake zuwa kallon duwatsu da gidajen da mutanen da suka sassaƙa a jikinsu. Akwai wani ƙaton dutse da ake cewa kamar giwa yake, Turawa da Larabawa sun kewaye shi da wayoyi. Na ce, "Baba, ka ga giwa?"

Ya duba, ya daɗe. Ya ce, "Na ga dutse mai rami."

"Haba Baba, ga hancin nan har ƙasa."

"Kai ka taɓa ganin giwa?"

"A talabijin."

"To ni ko a nan ban gani ba. Yaya zan ce ya yi kama da ita?"

Na yi dariya har na dafa mota. Shi ma ya ɗan yi.

A rana ta uku muka isa ƙofar gandun dajin. Masu tsaro suka karɓe mu da mutunci, suka kawo wa Baba kujera da ruwa, amma suka ce ba a shiga sai wanda ya kama wuri tun daga waya, kuma motarsu ta cika har sati mai zuwa. Laifina ne, ban tambaya ba, na ɗauka daji daji ne. Ɗayansu ya ga fuskar tsoho, ya ja ni gefe ya ce dabba ba ta san iyaka ba. Akwai wani kwari daga gabas, a wajen gandun, inda aka yi ruwa kwanan baya. In tambayi masu kiwon raƙuma.

Makiyayin da muka samu Bahaushen Sudan ne, mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta kakanni. Da ya ji sallamar Baba sai ya saki igiyar da ke hannunsa. Kafin shayi ya tafasa sun zama kamar tare suka tashi. Na ciro waya zan kira gida, ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka wahala. Nan ba shabaka, waya ba ta shiga sai ka hau wancan tudun. Ni ranar Juma'a nake hawa in gaida iyali." Na mayar da ita aljihu. Ya ce farare masu ƙaho yana ganinsu jefi-jefi, daga nesa, ba kullum ba.

Da la'asar ya kai mu kwarin. Abin da na gani a nan ban taɓa gani ba. Tsohon da nake riƙe wa hannu a matakala ya jefar da sanda, ya tuɓe takalma, ya zame farwar ta faɗi, ya duƙa ya shiga tafiya kamar an cire masa shekara talatin. Ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu kusa da wani sawu mai faɗi, tsage biyu. Ya tsinci kashinsu ya murƙushe da yatsa ya shinshina. Ya duba bakin ciyawa inda aka gutsura.

"Na yau ne, da sassafe," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shida. Ɗaya tana da ciki, dubi yadda ƙafar baya ta nutse. Ba ruwa suke bi ba, mariri bai damu da ruwa ba. Ciyawar da ta sha raɓa suke zuwa ci. Ba su gama da ita ba. Gobe kafin rana ta fito za su dawo."

Shida, ɗaya da ciki. Ku haɗa da abin da ya je ya faɗa a gida. Ko a ƙaryar ma bai ƙara komai ba, haihuwa kawai ya jira mata.

Ni kuma na koma mota ɗauko masa ruwa, na bugo ƙofa da ƙarfi yadda na saba, ƙarar ta cika kwarin. Na taho da takalmana na aiki na tsaya a gabansa ina miƙa masa gora. Ashe a kan sawun na tsaya, na mai cikin. Baba ya dubi ƙafafuna, ya dubi makiyayin, ya ce, "Ka gan shi? Shekara hamsin, har yau ƙafar kasuwa. Tun yana yaro haka yake taka ƙasa kamar ta yi masa laifi."

Makiyayin ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani. Baba ma da fara'a ya faɗa, yana cikin farin cikin da ban taɓa ganinsa a ciki ba, wataƙila ma a wurinsa wannan ce tsokanar da nake cewa bai taɓa yi mini ba. Amma ni a lokacin abin da na ji shi ne: na yi tuƙin kwana biyu, na roƙi kafili, na sha wa'azin suruki, don a tsayar da ni gaban baƙo a mayar da ni ɗan shekara goma sha biyu.

Na zagaya bayan mota. Na ciro waya na kara a kunne, na yi ta "aiwa, aiwa, hadir" da ƙarfi. Na dawo na ce, "Kafili ne. Ya ce gobe da yamma in kasance a Jidda, akwai kaya. Yalla, mu tafi."

Makiyayin ya ɗaga kai ya dubi tudun nan da yake hawa ranar Juma'a. Sannan ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na tuna. Mutumin da ya ji ciwon yatsa daga matakala, shi zan yi wa wannan wasan? Amma na riga na faɗa, kuma ni ɗansa ne, taurin kan nan ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Baba ya ce, "Safiya ɗaya, Direba."

Na ce aiki ne.

Makiyayin ya ce, "Ga tanti, ga bargo, ga nonon raƙumi. Ku kwana. In kun idar da asuba ku zauna bayan wancan dutsen, kafin hantsi kun kama hanya."

Na ce ba zai yiwu ba.

"Safiya ɗaya," Baba ya sake cewa. Ban taɓa jin ya maimaita roƙo ba, ko wurin Inna. Na yi kamar ina duba taya. Ya tsaya kaɗan, sannan ya je ya ɗauki takalmansa da sandarsa, ya kakkaɓe farwar mutane ya ninke ta. Ya ce, "To. Aikin mutane ba a wasa da shi." Ya yi sallama da makiyayin, suka daɗe riƙe da hannun juna. Ni makiyayin bai ba ni hannu ba, kai kawai ya gyaɗa mini.

Tun kafin mu hau kwalta fushin ya sauka. Ina iya juyawa. Mota a hannuna take, ba wanda ke jirana, kwana uku cur suna gabana. Duk mararrabar da muka wuce sai in ce ta gaba zan juya. Abin da ya hana ni, sai in buɗe baki in ce Baba ƙarya na yi. Na gwammace ya rasa mariri da in faɗi wannan. Ga ni yau ina faɗa wa duk duniya, shi kuma ba ya ji.

Washegari muka wuce Yanbu, teku ta fito a damanmu. Ya ce, "Direba, ka iya tuƙi. Ko sau ɗaya ban ji tsoro ba." Mutumin da ba ya ƙarawa. Shekara hamsin ina jiran kalma irin wannan daga bakinsa, sai ranar ya ga damar ba ni ita.

A Jidda duk wanda ya tambaye shi ya hanya, sai ya ce, "Mun ga ƙasa." Ba ya wuce nan.

Bayan sati kunya ta ishe ni. Wani abokin aikina ya ce akwai wani attajiri a hanyar Usfan da yake ajiye irinsu a gidan gonarsa, ya san mai gadin. Na ɗauki Baba ban gaya masa inda za mu ba. Aka buɗe mana. Ga shi nan a bayan waya, namiji guda, fari tas, ƙahon a miƙe, yana kwance a inuwar kwano kusa da kwamin ciyawa. Mai gadi ya jefa masa tsakuwa don ya tashi, ko kunne bai kaɗa ba. Na ce, "Baba, ga shi."

Bai daɗe yana kallo ba. Ya ce, "Shi ma a kwance yake. Mu tafi, kada mu ba shi kunya."

Ranar da zai koma na ce masa sanyi mai zuwa zan sake yi masa biza, wannan karon in kama wuri tun da wuri. Ya ce Allah ya kai mu. Allah ya kai mu ɗin. Sanyi ya zo ya wuce, ni ina cewa aiki, ina cewa jiki ya yi masa nauyi, ina cewa baɗi. In na kira gida gaisuwa ce ta minti biyu, in ce a ba ƙanwata.

Jiya na kira Baffa. Shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda suka san dajin da. Aka kai masa waya, ina jin awaki a bayansa. Bayan mun yi wa juna gaisuwa na ce, "Baffa, akwai maganar da ta tsaya mini. Baba bai ga mariri ba. Sawu kawai ya gani. Ni na ɗauko shi."

Ya ce, "To."

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Ai mun sani tun ranar da ya ba da labarin."

"Ya gaya muku?"

"Wa? Shi? Yaro, shekara sittin ina bin bayan mutumin nan. Bai taɓa ba da labarin nama ba sai ya fara da iska. Daga ina take, ta juya ko ba ta juya ba. Ko zomo ne. Ranar nan jama'a sun cika ƙofar gida, kowa yana jiran ya ji me ɗan Makka ya yi wa ubansa bayan shekara da shekaru. Ya faɗi ƙaho, ya faɗi fari, ya faɗi ɗan ƙarami. Bai faɗi iska ba. Mu tsofaffi biyu da muka gane muka dubi juna, muka ce masa barka."

"Me ya sa ba ku yi magana ba?"

"Mutum ya kai tamanin bai yi ƙarya ba, ya tashi yin guda ɗaya saboda ɗansa, mu ne za mu ɓata masa?"

Sai ya ce, "Kai da kake wurin, gaya mini. Da la'asar ɗin nan da kuka tsaya kan sawun, daga ina iska take? Daga dutsen zuwa kwarin, ko daga kwarin zuwa dutsen?"

Na rufe ido na nema. Na tuna kalar tudun. Na tuna ɗanɗanon shayin makiyayi, da gorar da ke hannuna, da yatsun ƙafar Baba a cikin yashi. Na ce, "Ban sani ba, Baffa."

Ya ce, "Kash. Da ka sani, da na gaya maka ko da kun kwana za ku gan su."

Allah ya jiƙan mahaifina, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna. Ƙaryarsa guda ɗaya kuma, ya Ubangiji, ka san wanda ya sa shi. Ka rubuta ta a wurina.